Darasi na Tara: Kalmomin Mulki da Zaɓe a Hausa, Nazari a kan Ƙaramar Hukumar Tower Hamlets ta Birnin Landan

9.1 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron labaran duniya a gidajen rediyo masu watsa shirye-shirye da Hausa zai lura cewa akwai wasu kalmomi da ake ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu a duk lokacin da zaɓe ya zo. Kalmomin su ne gunduma da mazaɓa da unguwa da ƙaramar hukuma da kuma magajin gari. Sau da yawa akan ji mai fassara ya kira wuri ɗaya gunduma a farkon labari, ya kira shi mazaɓa a tsakiya, sannan ya rufe da kiran sa unguwa. Mai sauraro ba ya da damar tambaya, sai ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Alhali kuwa a tsarin mulki kowace daga cikinsu tana da iyakarta a ƙasa, tana da wanda ya shata ta, tana kuma da kujerar da ake nema a cikinta.

Wannan darasi zai ɗauki ƙaramar hukuma guda ɗaya ta cikin babban birni, wato Tower Hamlets da ke gabashin Landan, ya bi tsarinta daki-daki, domin ɗalibi ya ga yadda iyakokin mulki da na zaɓe suke hawa kan juna ba tare da sun zama ɗaya ba. An zaɓi misali daga nesa da gangan. Ɗalibin da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada ya riga ya saba da kalmomin har ba ya ganin inda suke cin karo. Haka kuma kalmomi irin su kansila da ciyaman daga Ingilishi Hausa ta aro su, don haka yana da kyau a ga yadda abin yake a gidan masu shi.

9.2 Asalin Ƙaramar Hukumar

Birnin Landan na yau ya ƙunshi ƙananan hukumomi 32, sai kuma tsohuwar cibiyar birnin wadda take da nata tsarin na daban tun zamanin da. Turawa suna kiran kowace ɗaya daga cikin 32 ɗin nan da sunan "borough". Kalmar ta samo asali ne daga wata kalma ta tsohon Ingilishi mai nufin wuri mai ganuwa, wato kusan abin da Bahaushe yake nufi da birni. Wannan dace ne kawai na ma'ana, babu wata dangantaka ta asali tsakanin kalmomin biyu, kuma bai kamata ɗalibi ya ƙaƙaba musu ita ba.

An kafa waɗannan ƙananan hukumomi ne bisa wata doka da majalisar dokokin Birtaniya ta zartar a shekarar 1963, suka fara aiki a ranar 1 ga watan Afrilu na 1965. A wannan rana aka narka tsofaffin hukumomi uku, wato Bethnal Green da Poplar da Stepney, aka mayar da su ɗaya. Da aka zo batun suna, sai aka koma ga tarihi. Ma'anar Tower Hamlets ita ce ƙauyukan Hasumiya, domin a da can ƙauyukan da ke gabas da ganuwar birnin su ne ke ba da mayaƙa ga mai kula da Hasumiyar Landan. Ta haka babu ɗaya daga cikin hukumomin ukun da za ta ce an haɗiye ta a ƙarƙashin sunan maƙwabciyarta.

Faɗin ƙasarta bai cika murabba'in kilomita 20 ba, kuma kogin Thames ne iyakarta ta kudu. Ƙidayar 2011 ta samu mutane kimanin 254,100 a cikinta, ta 2021 kuwa ta samu kimanin 310,300. Ƙarin ya kai kashi 22 cikin ɗari a shekara goma, kuma babu wata ƙaramar hukuma a Ingila da ta kai ta yawan ƙaruwa ko cunkoso a wannan ƙidaya. Kusan kashi 40 cikin ɗari na mazaunanta Musulmi ne, sannan fiye da kashi ɗaya cikin uku 'yan asalin Bangladesh ne, galibinsu daga yankin Sylhet. Kafin su, Yahudawa daga gabashin Turai da 'yan Ailan sun zauna a wurin, kafin waɗannan kuma akwai masaƙan siliki da suka gudo daga Faransa saboda tsangwamar addini. Akwai wani gini a titin Brick Lane da ya ɗauke wa mai bayani wahala: an gina shi a 1743 a matsayin coci, ya zama wurin ibadar Yahudawa a 1898, ya koma masallaci a 1976.

A cikin wannan ɗan yanki ne kuma ake samun Canary Wharf, inda dogayen benayen bankuna suke tsaye a kan tsofaffin tashoshin jiragen ruwa da aka rufe a 1980. Talauci da arziki suna kallon juna ta taga. Wannan shi ya sa jan layi ɗaya a taswirar zaɓe a wurin ba ƙaramin al'amari ba ne.

9.3 Aikin Hukumar da Matsalar Magajin Gari

Ƙaramar hukuma irin wannan ita ke kula da gidajen haya na gwamnati, da jin daɗin tsofaffi da yara marasa galihu, da kwashe shara, da ɗakunan karatu, da ƙananan hanyoyi, da ba da izinin gini, da karɓar harajin gida. Abin da zai fi jan hankalin malami shi ne ilimi. Har zuwa 1990 wata hukumar ilimi guda ce ke riƙe da makarantun ƙananan hukumomin cikin ƙwaryar Landan. Da aka rushe ta a wannan shekara sai nauyin ya faɗo kan kowace ƙaramar hukuma. Sufuri na birni baki ɗaya da sa ido kan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kuwa suna hannun babbar hukumar Landan, wadda aka kafa a 2000 bayan birnin ya yi shekara 14 ba shi da hukuma ta bai ɗaya, tun rushe ta farkon da gwamnatin Margaret Thatcher ta yi a 1986.

Ikon ƙaramar hukuma ba abu ne da ba a taɓawa ba. Daga 1981 zuwa 1998 gwamnatin tsakiya ta karɓe ikon ba da izinin gini a yankin tsofaffin tashoshin jiragen ruwa, ta miƙa shi ga wata hukumar raya yankin da ita ta naɗa mambobinta. Ke nan manyan benayen farko na Canary Wharf sun tashi ne a cikin iyakar Tower Hamlets ba tare da kansilolin da jama'a suka zaɓa suna da ta cewa a kan izininsu ba.

A nan ne ake samun tarko na farko ga mai fassara. Hausa ta ɗauki sarautar gargajiya ta magajin gari ta ba shugaban birni na zamani, kuma aron ma'anar ya zauna daram. Sai dai a Landan mutum fiye da ɗaya ne ke amsa wannan suna. Akwai magajin garin Landan baki ɗaya, kujerar da Sadiq Khan ya ci a 2016 da 2021 da 2024. Akwai magajin garin tsohuwar cibiyar birnin, wanda sarautarsa ta shekara ɗaya ce kuma ta fi karkata ga bukukuwa da wakiltar 'yan kasuwar kuɗi. Sannan akwai na ƙananan hukumomi, su ma iri biyu ne. A mafi yawansu magajin gari kansila ne da 'yan uwansa suke ɗorawa na shekara guda don ya jagoranci zama ya kuma halarci taruka, ikon zartarwa yana hannun jagoran jam'iyya mai rinjaye. A 'yan kaɗan kuwa jama'a ne ke zaɓen magajin gari kai tsaye, kuma shi ke riƙe da ikon zartarwa. Tower Hamlets ta shiga wannan rukuni na biyu bayan ƙuri'ar raba gardama da aka yi a watan Mayu na 2010, aka kuma sake tabbatar da tsarin a wata ƙuri'ar a 2021. Saboda kada a rikice, sai aka sauya wa kansilan da ke jagorantar zaman majalisarta suna, ake kiran sa kakakin majalisa.

Idan aka ce "magajin garin Landan ya ci zaɓe" alhali na Tower Hamlets ake nufi, an ɗora mutum bisa jama'a kusan miliyan tara maimakon dubu ɗari uku. Abin da ya fi dacewa shi ne a ce "zaɓaɓɓen magajin garin ƙaramar hukumar Tower Hamlets". Jimlar ta yi tsawo, amma ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya ce "shugaban ƙaramar hukuma" ma bai yi nisa da gaskiya ba, domin kujerar ta fi kama da ta ciyaman a Nijeriya.

9.4 Mazaɓun Kansiloli

Kalmar mazaɓa sunan wuri ce da aka gina bisa ƙa'idar da ɗalibi ya riga ya sani a darasin ginin kalma: ɗafa-goshi ma- da saiwar aikatau da kuma ɗafa-ƙeya -a, kamar yadda aka samu makaranta da majema da marina da masaƙa. Ma'anarta ita ce wurin da ake zaɓe. Ƙarfinta shi ne rauninta, domin ba ta faɗin wane ne ake zaɓa. Mazaɓar kansila mazaɓa ce, ta ɗan majalisar jiha mazaɓa ce, ta sanata ma haka. Saboda haka kalmar ba ta cika sai an ɗafa mata sunan kujerar.

Daga 2002 zuwa 2014 Tower Hamlets tana da mazaɓun kansila 17, kowace da kansila uku, jimla 51. Bayan komawa tsarin zaɓaɓɓen magajin gari aka sake shata iyakoki, aka rage kansiloli zuwa 45, aka ƙara mazaɓu zuwa 20. A kan wannan tsari aka yi zaɓukan 2014 da 2018 da 2022. Abin lura shi ne mazaɓun ba su da yawan kujeru iri ɗaya. Wasu suna da kansila uku, wasu biyu, sannan Limehouse da Poplar suna da ɗaya-ɗaya. Mai zaɓe a mazaɓa mai kujera uku yana da damar dangwala wa mutum uku, kuma ukun da suka fi yawan ƙuri'a su suka ci. Ɗalibin da ya saba da tsarin Nijeriya, inda mazaɓa ɗaya take fitar da kansila ɗaya, yana iya ganin mazaɓu 20 ya rubuta kansiloli 20, ya zubar da 25 a hanya.

Ba ƙaramar hukumar ce ke shata wa kanta iyakokin ba. Akwai hukuma mai zaman kanta da aka ɗora wa shata iyakokin ƙananan hukumomin Ingila, kuma doka ta gindaya mata ma'auni uku. Na farko, kowane kansila ya wakilci yawan masu zaɓe kusan daidai da na ɗan uwansa. Na biyu, iyaka ta mutunta yadda jama'a suke ganin kansu a matsayin al'umma ɗaya. Na uku, tsarin ya sauƙaƙa gudanar da mulki. Ma'auni na farko lissafi ne, na biyu kuwa zuciya ce, kuma ba kullum suke shiri ba. Idan aka gina benaye goma a bakin kogi mutane dubbai suka tare, dole layi ya motsa, kuma in ya motsa sai ya ratsa ta tsakiyar wata tsohuwar unguwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa kuskure ne a fassara mazaɓar kansila da unguwa. Unguwa tarihi da zaman tare suka haife ta, mazaɓa kuwa alƙalami ya haife ta. Alal misali, abin da mutanen wurin suke kira Bow an raba shi gida biyu, gabas da yamma, a tsarin 2014.

Sunayen mazaɓun kansu abin nazari ne ga mai sha'awar ilimin sunaye. Akwai wadda ake kira Weavers, wato masaƙa, don tunawa da masu saƙar siliki na da, kamar dai yadda sana'a da asalin mazauna suka bar sunayensu a unguwannin birnin Kano irin su Soron Ɗinki da Tudun Nufawa. Akwai kuma Lansbury, wadda sunanta ke komawa ga George Lansbury. Wannan mutum shi ya jagoranci kansilolin tsohuwar hukumar Poplar a 1921 suka ƙi tara wa manyan hukumomin birnin kason harajin da aka yanka musu. Hujjarsu ita ce talakawan Poplar ne ke ɗaukar nauyin marasa aikin yi na Poplar, alhali unguwannin masu hali na yammacin birnin suna biyan kaɗan. Kotu ta tura kansiloli 30, maza da mata, gidan yari, suka yi mako shida a ciki. Daga bisani majalisar dokoki ta yi dokar da ta ƙara raba nauyin tallafin talakawa tsakanin hukumomin Landan. Har Turawa suka ƙirƙiri kalma daga sunan Poplar don bayyana irin wannan turjiya ta ƙaramar hukuma ga gwamnati.

Sunan da ya fi tayar da ƙura shi ne Spitalfields da Banglatown. Kashi na farko tsohon suna ne, na biyu kuwa an ƙara shi ne a farkon shekarun 2000 don shaida zaman 'yan Bangladesh a yankin Brick Lane. Lokacin da ake shirya tsarin 2014, daftarin farko na hukumar shata iyakoki ya cire kashi na biyun. Jama'a suka yi ca, aka aika ƙorafe-ƙorafe, a ƙarshe hukumar ta bar sunan yadda yake. Ba a yi jayayya a kan ko kujera ɗaya ba a wannan batu, a kan kalma kawai aka yi. Wanda yake ganin nazarin sunaye aikin marasa aikin yi ne, sai ya sake tunani.

Ƙanƙantar mazaɓar kansila tana sa ƙuri'a kaɗan ta yi babban tasiri. A watan Satumba na 1993 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Millwall ta wancan lokaci, ɗan takarar wata jam'iyya mai ƙyamar baƙi ya ci da ratar ƙuri'a bakwai kacal. Shi ne kansila na farko da jam'iyyar ta taɓa samu a faɗin ƙasar. Da zaɓen gama-gari na ƙaramar hukumar ya zo a watan Mayu na 1994, mutane suka fito da yawa, ya rasa kujerar.

9.5 Mazaɓun Majalisar Dokoki

A kan wannan taswira ta mazaɓun kansila akwai wata taswirar, ta mazaɓun majalisar wakilai ta Birtaniya, kuma wata hukuma ce daban take shata ta. Dokar 2020 ta tsayar da kujeru 650 ga ƙasar baki ɗaya, doka kuma ta ce, in ban da 'yan tsibirai kaɗan, kada yawan masu zaɓe a kowace mazaɓa ya kauce wa matsakaicin adadi da fiye da kashi biyar cikin ɗari. A bitar da aka kammala a 2023 matsakaicin shi ne 73,393. Wannan ƙa'ida mai tsauri ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Daga 2010 zuwa 2024 Tower Hamlets ta kasu daidai wa daida zuwa mazaɓu biyu. Amma yawan jama'arta ya zarce abin da kujera biyu za su ɗauka, bai kuma kai na uku ba. Saboda haka a zaɓen 2024 aka samu mazaɓar Bethnal Green da Stepney, da ta Poplar da Limehouse, sannan aka yanki yankin Bow aka haɗa shi da wani ɓangare na ƙaramar hukumar Newham da ke tsallaken kogin Lea, aka kira sabuwar mazaɓar Stratford da Bow. Mazaunin Bow yana biyan harajin gida ga Tower Hamlets, yana zaɓen kansila da magajin gari a Tower Hamlets, amma ɗan majalisarsa yana raba shi da mutanen wata ƙaramar hukumar. A majalisar birnin Landan mai mambobi 25 kuma, an cusa Tower Hamlets cikin wata babbar mazaɓa tare da Newham da Barking da Dagenham da tsohuwar cibiyar birnin. Ke nan mutum ɗaya a gida ɗaya yana cikin mazaɓa uku masu iyaka daban-daban.

Sakamakon zaɓe ma yakan bambanta daga taswira zuwa taswira. A 2022 jam'iyyar Aspire, wadda ba ta da reshe a wajen wannan ƙaramar hukuma, ta ci kujerun kansila 24 cikin 45, jam'iyyar Leba ta samu 19. Bayan shekara biyu, a zaɓen majalisar wakilai, Leba ta cinye duka mazaɓu ukun da aka ambata. Rushanara Ali, wadda a 2010 ta zama 'yar asalin Bangladesh ta farko da ta shiga majalisar, ta riƙe kujerarta da ratar da ba ta kai ƙuri'a 2,000 ba a gaban wani ɗan takara mai zaman kansa.

Akwai wani batu da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Dokar Birtaniya ta ba 'yan ƙasashe renon Ingila da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida damar yin rajista su jefa ƙuri'a a duk waɗannan zaɓuka. Bisa ga haka Bahaushen Kano ko na Kumasi da ke zaune a Whitechapel yana da ƙuri'a, amma ɗan uwansa na Maraɗi ba shi da ita sai ya zama ɗan ƙasa, domin Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Harshe ɗaya, masallaci ɗaya, amma iyakar da Turawa suka ja tun farkon ƙarni na ashirin ta biyo su har rumfar zaɓe a Landan.

9.6 Shari'ar Zaɓe ta 2015

Lutfur Rahman shi ne zaɓaɓɓen magajin gari na farko a Tower Hamlets. Ya ci a watan Oktoba na 2010, ya sake ci a Mayu na 2014 da ratar ƙuri'a dubu uku da 'yan kai a gaban John Biggs na jam'iyyar Leba. Wasu masu zaɓe su huɗu suka shigar da ƙara. A ranar 23 ga Afrilu na 2015 kotun sauraron ƙarar zaɓe, ƙarƙashin Richard Mawrey, ta soke zaɓen, ta kuma haramta wa Rahman tsayawa takara na shekara biyar. Cikin abubuwan da kotun ta ce sun tabbata akwai maguɗi a rajista da ƙuri'ar gidan waya, da amfani da kuɗin tallafi na hukuma don jawo ƙuri'a, da yi wa abokin takara ƙazafin wariyar launin fata, da kuma abin da doka take kira matsin lamba ta hanyar addini. Biggs ya ci zaɓen da aka sake a watan Yuni. Bayan wa'adin haramcin ya ƙare, Rahman ya dawo ya kayar da shi a 2022.

Wannan shari'a tana da wurare biyu da mai fassara zai iya zamewa. Na ɗaya, kotun ƙarar zaɓe ba kotun manyan laifuka ba ce. Ta soke zaɓe ta hana takara, amma ba ta ɗaure kowa ba. Wanda ya rubuta "an yanke masa hukuncin shekara biyar" ya sa mai sauraro ya hango gidan yari, domin abin da jimlar take nufi ke nan a bakin Bahaushe. Daidai shi ne "an haramta masa takara na shekara biyar".

Na biyu shi ne batun addini. Abin da kotun ta dogara da shi shi ne wata wasiƙa da harshen Bangali mai ɗauke da sunayen limamai da malamai 101, wadda aka buga a jarida gab da zaɓe. Tanadin dokar da aka yi amfani da shi tsoho ne, an fi saninsa da shari'o'in limaman Katolika a Ailan a ƙarni na sha tara. Hukuncin ya jawo muhawara, wasu suna ganin kariya ce ga mai zaɓe, wasu suna ganin tauye bakin malamai ne. Ga mai sauraro na ƙasar Hausa, wanda ya saba jin malami yana bayyana ɗan takararsa a bainar jama'a, fassarar kalma da kalma ba za ta isar da komai ba. Dole mai fassara ya ƙara jimla guda da za ta bayyana cewa abin da dokar take hani a kai shi ne a nuna wa mabiyi cewa zaɓen wane wajibi ne na addini a kansa. Ba aikinsa ba ne ya yanke wa muhawarar hukunci, amma aikinsa ne ya sa a gane a kan me ake yin ta.

9.7 Inda Gunduma ta Dace da Inda ba ta Dace ba

An bar kalmar gunduma zuwa ƙarshe domin ita ta fi kowace shan wahala. A asalinta tana da alaƙa da yanko babban yanki na abu. A farkon mulkin Turawa ta zama sunan ƙasar da aka yanka wa hakimi aka ce ya koma can ya zauna ya tara haraji. Har yau a tsarin sarauta ma'anarta ke nan: ƙasar hakimi, wadda ke da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinta. Bayan garambawul na ƙananan hukumomi na 1976 da siyasar da ta biyo baya, sai 'yan siyasa suka riƙa kiran mazaɓar kansila gunduma. Masu fassarar labaran waje kuma suka riƙa jefa ta a kan duk wani yanki na mulki da ba su sami sunansa ba. Sakamakon haka kalma ɗaya tana nufin abin da ya fi ƙaramar hukuma ƙanƙanta a bakin wani, tana nufin ƙaramar hukumar kanta a bakin wani.

Wanda ya ce "gundumar Tower Hamlets" bai yi kuskuren nahawu ba, kuma ana jin haka a kafafen watsa labarai. Matsalar tana fitowa ne a jimla ta gaba, lokacin da zai ce gundumar tana da gundumomi 20. A rubutu na ilimi ya fi kyau a bar gunduma ga ƙasar hakimi, a kira irin Tower Hamlets ƙaramar hukumar birni, a kira yankin kansila mazaɓar kansila, a kira na ɗan majalisa mazaɓar ɗan majalisa, a bar unguwa ga abin da jama'a da kansu suke kira unguwa. Ɗalibi yana iya gwada wannan a kan birnin Kano, inda ƙananan hukumomi irin su Birni da Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa suke cikin gari ɗaya. Zai tarar sunan Yakasai ko Zango yana nufin unguwa a wata jimla, yana nufin mazaɓar kansila a wata, kuma iyakokin biyun ba lallai su zo ɗaya ba.

Bambanci guda ya kamata a riƙe don kada kwatancen ya zarce gona da iri. A Nijeriya hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, in ban da na Babban Birnin Tarayya da hukumar zaɓe ta ƙasa take yi. A Ingila kuwa wani babban jami'in ƙaramar hukumar ne ke gudanar da zaɓe a yankinsa, da na kansila da na majalisar wakilai, hukumar zaɓe ta ƙasa tana sa ido tana ba da jagora. Mai fassarar da ya rubuta "hukumar zaɓe ta bayyana sakamakon Tower Hamlets" ya ɗauko tsarin gida ya ɗora wa wurin da ba shi da shi. Jami'in zaɓe na ƙaramar hukumar ne yake bayyana shi.

9.8 Jinga

1. Feɗe kalmar mazaɓa zuwa ƙwayoyin ma'anarta, sannan ka kawo wasu kalmomi biyar da aka gina bisa wannan ƙa'ida waɗanda ba a ambata a darasin ba.

2. Gyara wannan jimla, ka kuma bayyana kowane kuskure da ke cikinta: "Hukumar zaɓe ta ce magajin garin Landan, wanda aka taɓa yanke wa hukuncin shekara biyar, ya lashe unguwanni 24 cikin 45 na gundumar Tower Hamlets."

3. Rubuta sunan unguwarku da na mazaɓar kansilanku da na gundumar hakiminku da na ƙaramar hukumarku da na mazaɓar ɗan majalisar wakilanku. Nuna inda iyakokinsu suka zo ɗaya da inda suka saɓa.

4. Saurari labaran Hausa na gidan rediyo ɗaya har tsawon mako guda, ka tattara duk jimlolin da kalmar gunduma ta fito a ciki, ka rarraba su gwargwadon abin da take nufi a kowace.

5. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan bambancin unguwa da mazaɓa, tare da kayan koyarwar da za ka yi amfani da su.